Bareyin da Suka San Turmi

Bayan fari, barewa ta ƙare ƙaf a duwatsun Allakaye. Shekarar da ruwa ya dawo, ma'aikatan daji suka kawo wasu 'yan bareyi a mota, suka sake su a kwarin gabas. Suka ɗora wa Alƙasim, tsohon maharbi, aikin bin sawunsu, ya ga inda suke kiwo da inda suke kwana.

Ba a gaya masa cewa a gidan wani babban mutum suka tashi a garin Tawa ba, a gindin turmi, suna lasar dusa.

Da asuba lafiya lau. Sukan hau tudu, su ci tohon bagaruwa, su sauko inuwar aduwa. Amma da hantsi, da zarar matan gari sun fara surfe, sai su ɗaga kunne, su miƙe sak zuwa gari. Hanyar kuwa ta cikin waken mutane ta bi. Alƙasim na biye, yana kora, gwiwa na ciwo.

Rabo, mai gonar bakin hanya, ya tare shi.

"Baba Alƙasim, awakin gwamnati sun sake yi mani aski. In suka koma, wallahi tukunya za su kwana."

"Na ji."

"Kullum ka ji."

Ya san ba wasa Rabo yake ba. Ya gwada shingen ƙaya, suka tsallake. Ya gwada jifa, suka tsaya suna kallonsa kamar mai raba goro.

A gida ya zauna, furar ma bai taɓa ba. Matarsa Cima tana bakace.

"Malam, mi ya faru kuma?"

"Daka suke bi. Ba ni hana matan gari daka."

"To kai masu dakan can mana."

Ya dube ta. Ba dariya take ba.

Washegari aka ga Alƙasim, mutumin da ya yi shekaru da kwari da baka, ya fito da turmi bisa kai, Cima na baya da taɓarya da ƙwaryar hatsi. Wani cikin 'yan majalisar bakin masallaci ya ce, "Sarkin baka, ina bikin?"

Ya wuce abinsa.

A gindin aduwa Cima ta fara surfe tun kafin matan gari. Bareyin suka sauko, suka kewaye ta. Da dakan gari ya tashi, ɗaya ta juya kunne, ta yi jim, ta koma kan dusa. Ranar ba su taka waken kowa ba.

Da la'asar Cima ta murza kafaɗa.

"Har yaushe ke nan?"

"Sai sun haihu. Wataƙila 'ya'yan su manta."

"Wataƙila," in ji ta.

Ya durƙusa, ta taya shi ɗora turmin. Ya fi na safe nauyi.