Kafson Wake da Sakwarar Wandoo

Tun da matarsa ta rasu, abin da ya rage wa Malam Kalilu na jin daɗin duniya bai wuce cin abincin yamma a ƙofar gidan Iorliam ba. Iorliam ɗan Tibi ne, Kirista, dillalin doya da ke saro kaya daga Agyaragu, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Lafiya. Kullum da yamma matarsa Wandoo za ta fito musu da sakwara da miyar agushi, su zauna a benci, hannu a kwano ɗaya, suna gardamar siyasa. Nama ma wurin mahauci Musulmi take saye saboda shi, ba tare da kowa ya sa ta ba.

Ita kuwa sakwara ba ta ɓoye inda ta shiga. Tumbin Malam Kalilu ya kai ga sai ya yi nishi kafin ya wanke ƙafa wajen alwala. Likita ya ce ya rage ƙiba. 'Yarsa Mutmainna, wadda ke aiki a Abuja, ta aiko masa da wata roba cike da kafso.

"Baba, da farin wake ake yin shi," in ji ta a waya. "Kafin ka ci abinci za ka sha. An ce yana tare sitacin doya, ya hana jiki ɗaukarsa duka."

"Wake? Ga shi nan buhu-buhu a kasuwa, sai an ɗura mini shi a roba?"

"Don Allah ka sha, Baba. Kai kaɗai ka rage mini."

Saboda wannan maganar ya yi mata alkawari, ya fara sha.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, sitacin da aka tare ba ɓacewa yake yi ba, can ƙasa yake gangarawa ya yi ta tsami. Ciki ya riƙa kumbura yana ƙugi. Wata yamma suna tsakiyar ci, Wandoo ta sunkuyo tana ƙara musu miya, iska ta kuɓuce masa, da ƙara kuwa. Dattijo da furfurarsa, a gaban matar maƙwabci! Lokacin wani ɗan acaɓa ke wucewa, Iorliam kuma na ta ɗaga murya a kan kansiloli, mai yiwuwa ba wanda ya ji. Amma Malam Kalilu ya ji, kuma ya ishe shi. Ya wanke hannu ya shige gida.

Washegari bai fito ba. Wandoo ta ɗauko kwanon da kanta ta buga masa ƙofa. Kunya ta hana shi buɗewa.

"Na gode, a ƙoshe nake. Ki mayar," ya ce daga ciki.

Ta sake kawowa, ya sake mayarwa. Iorliam ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kalilu, mene ne? Madam ya yi maka laifi?"

"Ba komai, wallahi."

"To ka fito mana."

"Wani lokacin."

Shi a ganinsa mutuncinsa yake karewa. Ya manta cewa a unguwar da masallaci da coci ke jin junansu, in maƙwabci ya fara mayar maka da kwano a rufe, fassara ɗaya ake yi masa: an zuga shi ya daina cin abincin gidanka. Daga nan kwano ya daina zuwa.

Ya koma shayi da burodi, shi kaɗai a tsakar gida, rediyo na magana ba mai amsa mata. Kafso bai daina sha ba, tunda alkawari ya yi, ko da yake babu wani abin kirki da ya rage da za a tare. Ya rame sosai. Kaɗaici ne ya rame da shi, kuma ya sani. Da Mutmainna ta gan shi a bidiyo sai ta yi tafi.

"Baba, ka ga aikin maganin ko!"

"Na gani," ya ce.

Da abin ya ishe shi, wata yamma ya sa hula ya fita. Ya shirya zai faɗi gaskiya, a yi masa dariya a wuce wurin.

Iorliam na kan benci. Yana ganinsa ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Alhaji, sannu da zuwa. Bismilla, zauna."

Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Malam Kalilu ya buɗe baki zai fara, sai ga Wandoo ta fito da kwanon sakwara. Ta gan shi, ta tsaya, ta gaishe shi cikin ladabi, ta juya da kwanon ciki. Ya zauna a bakin benci.

Jim kaɗan ta dawo da faranti. Lemon kwalba ne da biskit a cikin ledarsa, an sayo daga shagon bakin titi. Ta ajiye mabuɗin kwalbar a gefe.

"Ka buɗe da hannunka, Alhaji," in ji Iorliam a hankali. "Ba mu taɓa ba."