Lambar Injin Harlan Tackett

Lambar da ke jikin injin ta tafi cikin ƙurar ƙarfe, kuma ranar da Lorna Tackett ta gano haka, ta tura akwatin kayan aikin ƙaninta zuwa bakin titi, ta sauya kwaɗon gareji. Abin ya faru wata Asabar cikin watan Yuni, a gidan marigayi mahaifinsu da ke gabashin Ypsilanti, jihar Michigan. Lorna mai walda ce, shekarunta hamsin da bakwai. Ƙanin nata, Dewey, ya haura hamsin da kaɗan, kuma rabin rayuwarsa a filin tseren motoci ya yi ta.

Motar da suka saɓa a kanta Chevelle ce ƙirar 1970, ja, mai baƙaƙen layuka biyu a kan bonet. Mahaifinsu Harlan ya saye ta sabuwa bayan ya baro Kentucky ya kama aiki a masana'antar motoci. Daga cikin masu ƙarfin nan ce da ake kira SS. Sai dai a ido ba a rarrabe su da gama-gari, don tambari da layuka kowa na iya saye ya liƙa, kuma lambar da ke jikin motar ba ta faɗin komai a kan wannan. Shaidar tana gaban bulok ɗin injin, a wani ɗan fili mai faɗin yatsu biyu, inda ma'aikata suka buga alamar babban inji tare da lambar da ta yi daidai da ta motar.

Lorna ta san filin nan tun kafin ta iya ɗaure igiyar takalminta. Kowace Juma'a da yamma a lokacin zafi, masu tsofaffin motoci kan taru a filin ajiye motoci na wani gidan abinci, su buɗe bonet, su kafa kujeru. Kowace Juma'a kuma Vernon Sobczak, wanda ya yi aiki layi ɗaya da Harlan, sai ya zo da kofinsa a hannu ya tsaya gaban motar.

"Harlan, yaya amaryar aro? Yau ma an sha kwalliya."

Harlan yakan jiƙa babban yatsansa da yawu, ya sunkuya, ya goge filin lambar, ya ja da baya.

"Karanta, in idon naka na nan."

Sai Vernon ya sunkuya ya karanta, ya yi tsaki, ya ce, "To, ka sha yau." Haka suka yi shekaru arba'in da wani abu. Wasa ne, amma da ƙashi a cikinsa, don Vernon ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa 'yan Kentucky ba sa faɗin gaskiya ko a kan shekarun karensu.

Bayan rasuwar Harlan motar ta zauna ƙarƙashin tamfol har beraye suka ci kujerar baya. Da Lorna da Dewey suka yanke shawarar tashin ta, sun yarda za su sabunta ta yadda za a iya hawa kowace rana. Suka sa mata birki na zamani a ƙafa huɗu, suka sa na'urar sanyi, suka sauya wayoyi gaba ɗaya. Lorna da hannunta ta yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasa ta liƙa sabo. Sharaɗi ɗaya ta kafa, irin wanda duk mai hankali a harkar ke kafawa: kada a yi abin da ba za a iya mayarwa ba. Duk abin da aka kwance, ko tsohon kusa ne, sai an sa shi a leda an kai shi saman silin. Inji kuwa na Baba ne za a gyara a mayar.

Ƙarshen watan Mayu ta tafi Kentucky sharar kaburburan dangi, kamar yadda suke yi kowace shekara. Ta bar bulok ɗin tsirara a kan matsayinsa, an kwance fistin da komai, yana jiran ta dawo su kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe tare.

Da ta dawo ta tarar an riga an kai an dawo da shi. Yana naɗe cikin leda, an shafe shi da mai. Dewey na tsaye a gefe da kwalin donat, yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Yaya, zo ki ga aiki. Kamar madubi. Na ce bari in rage miki wahala."

Lorna ta yage ledar. Silinda takwas sun sha gyara, sumul. Ta bi saman bulok ɗin da tafin hannu, inda kan inji ke zama, ta ji shi santsi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Hannunta ya kai gaba, ya kai kan ɗan filin, bai ji komai ba. Ta ɗauko tocila ta haska. Ta karkata hasken. Ƙarfe ne fari, da sawun injin kankara a kwance, layi bayan layi.

"Dewey. Ina lambar?"

"Wace lamba?"

Ta dube shi. Ya ajiye kwalin.

"Au. Ai saman ne ya ɗan karkace. Mutumin ya auna a gabana. Ya ce a kankare? Na ce kankare. Abin da aka ɗebe bai kai kaurin katin waya ba, wallahi."

"Ka ce masa ya tsaya kafin filin?"

"Bai tambaye ni ba."

"Ni ba shi na tambaya ba. Kai na tambaya."

Dewey ya sosa ƙeya. A filin tsere ba wanda ke duba lamba. Bulok ƙarfe ne, in ya fashe a jefar a kawo wani. Shagon da ya kai aikin ma na 'yan tsere ne, sun yi abin da aka ce su yi, sun yi shi da kyau. Amma duk wanda ya taɓa zama a filin Juma'a ya san kalmar farko da ake faɗa wa mai injin kankara, tun kafin gaisuwa, ita ce a bar filin lamba.

"Haba Yaya, lamba ce fa. Lamba ba ta tuƙa mota. Da na bar shi a karkace, gasket ɗin da ke tsakanin bulok da kan inji ya ƙone miki a tsakiyar hanya, ni za ki zaga."

"Da ya ƙone sau goma. Gasket ana sayarwa."

"Ai kina da hotonta a waya. Na gan ki kina ɗauka."

"Hoton lamba a kan ƙarfen da yanzu ba shi da lamba. Je ka nuna wa Vernon. Ka ce masa wannan hoton na wancan ne, ya yarda da kai don kana da kyan fuska."

"Vernon! Tsohon da ba ya gane jikokinsa? Don shi za ki ci ni ɗanye?"

Lorna ta ɗauki tsumma ta goge man da ke hannunta, yatsa bayan yatsa. Tun suna yara haka yake. Ya kwance rediyon Mama don ya ƙara masa ƙara. Ya sare reshen tuffa don ya fi ba da 'ya'ya. Kullum taimako ne, kullum kafin a tambaye shi, kuma kullum wani ne ke share wurin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne bai ma lura ba. Ya ɗauko bulok ɗin daga shago, ya shafa masa mai, ya naɗe shi, hannunsa ya bi ta kan filin nan, bai ji cewa wani abu ya ɓace ba.

Da ya tsaya a nan, mai yiwuwa da akwatinsa bai kai titi ba. Sai ya matso, ya rage murya.

"Ji nan. Akwai wani a garin Toledo. Yana da irin ƙarafan bugun lamba na da, sak. Har sawun injin masana'anta yana iya mayarwa. Lambarmu ce fa, ba ta wani ba. Mu mayar da abinmu, shi ke nan. Wa zai sani?"

A nan ne maƙwabta suka ji muryarta.

"Shekara arba'in ana ce wa Baba maƙaryaci, bai taɓa yin ƙarya ba! Kai kuma da ya mutu za ka buga masa ita da guduma?"

"Ba ƙarya ba ce, lambar gaskiya ce!"

"Da hannun ɗan Toledo. Fita."

"Yaya…"

"Kada ka sake ce mini Yaya a garejin nan. Fita, Dewey."

Akwatin nasa dogo ne mai tayoyi, ja, cike da sifanu. Ita kaɗai ta tura shi, ya bi gangaren siminti yana kwaramniya har ya daki dakalin titi. Dewey ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Rabin motar nan nawa ne, in kin manta."

"Zo da zarto ka yanki naka. Ka iya ai."

Ya loda akwatin a bayan motarsa ya tafi. Ta je shago ta sayo kwaɗo.

Juma'ar da ta biyo baya ba ta je filin masu tsofaffin motoci ba, amma labari ya riga ta zuwa. Ranar Lahadi bayan coci Vernon ya tsaya a ƙofar gidan, 'yarsa ce ta kawo shi, yana dogara sanda. Ya haura tamanin, kuma yana gane jikokinsa sarai. Ya leƙa garejin daga inda yake.

"'Yar Harlan, na ji an yi wa amarya aski."

"An yi, Malam Vernon."

"Har gira?"

"Har gira."

Ya tauna baki. "Ni na karanta lambar nan fiye da yadda na karanta sunan matata. Zan iya faɗa miki ita a barci. Amma ni na kusa tafiya, kuma maganata ba hatimi ba ce. Yaran da ke zuwa filin yanzu, waya suke ɗagawa su haska. In ba su gani ba, babu." Ya juya zai koma mota, sai ya ƙara da cewa, "Nemi Otis Bellamy. In bai mutu ba."

Otis Bellamy bai mutu ba. Tsohon ɗan sanda ne, ya yi ritaya daga sashen binciken motocin sata, inda aikinsa shi ne fito da lambobin da ɓarayi suka goge. Ya zo da safiyar Talata da ƙaramar jaka da tabarau biyu a wuya. Ya duba filin, ya ja tsaki.

"Ɓarayi sun fi ƙaninki tausayi. Su da fayil suke gogewa, suna sauri."

Ya yi mata bayani a taƙaice. Bugun guduma yana danne ƙarfe har ƙasa da inda ido ke gani. In aka shafa asid, wurin da ya dannu yana ciyuwa daban da sauran, sai inuwar lambar ta taso na ɗan lokaci, ta koma. Amma bulok irin wannan zubi ne, ba ya riƙe sawu kamar sauran ƙarafa. Kuma asid ɗin yana cin abin da ya rage.

"Ba na yi miki alkawari, baiwar Allah. Ki kafa wayarki ta yi ta ɗauka, ki tsaya a matsayin shaida. 'Yar Vernon ma a kira ta."

Aka kira ta. Otis ya goge filin har ya yi ƙyalli, ya kewaye shi da kakin zuma, ya tsoma auduga a asid. Warin ya cika garejin. Lorna ta riƙe tocila a karkace, hannunta bai motsa ba. Sun daɗe babu komai sai ƙarfe yana yin toka-toka. Can sai wani abu mai kama da ɗaya ya taso, sannan sifili, sannan harafi. Otis yana faɗa, 'yar Vernon tana maimaitawa. Lambobi uku suka biyo baya, dishi-dishi. Ya ci gaba da shafawa a kan ragowar wurin. Babu. Ya zuba ruwa ya wanke, inuwar ta dushe a gabansu.

Shida cikin tara suka fito. Ukun ƙarshe, waɗanda ke raba motar Harlan da sauran da aka haɗa a mako ɗaya da ita, su ne suka ƙi. A gefen nan injin kankarar ya fi ci.

Wayarta ta yi ƙara a kan benci bayan ta kashe ɗaukar. Saƙon Dewey ne, na farko tun ranar Asabar ɗin: yana tambaya ko lambar ta fito. Ta kife wayar.

"Akwai wani haɗin da ya fi wannan ƙarfi," in ji Otis, yana rufe kwalba. "Yana iya fito da ukun. Yana iya cinye har shidan, ya bar miki rami. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Ni ba zan zaɓa miki ba."

"In ban yi ba fa?"

"Kina da shida da shaidu biyu. Wasu za su yarda, wasu za su ce kowa na da shida."

Ya shafa wa filin mai, ya liƙe shi da leda, ya ce ƙarfen zai iya jira muddin tsatsa ba ta shiga ba.

Zuwa ƙarshen watan Yuli motar na tsaye a kan sababbin tayoyinta, fenti ya bushe, gurbin inji babu komai. Dewey ya zo sau ɗaya, ya tarar da kwaɗo, ya zauna a motarsa na ɗan lokaci ya tafi. Bulok ɗin yana kan matsayinsa da ledar a manne. Otis Bellamy ya ce haɗin na biyu yana nan a shirye a gidansa, kuma har yanzu Lorna Tackett ba ta kira shi ba.