Kantar Hannun Tani

Kwana arba'in da biyu ke nan Inde ba ta kalli ƙasan cibiyarta ba. Ko wanka za ta yi, sai ta ɗaga kai sama kamar mai duban hadari. A wurin aka tsaga ta a Maradi aka ciro ɗanta, kuma ba mai raba ta da cewa ranar da aka taɓa ɗinkin nan ɓarkewa zai yi, hanjinta ya zubo mata a cinya.

Saloma, ungozomar gidan likita ta Madarumfa, ta ce ciwon ya rufe, saura a riƙa murza tabon da man kaɗanya, a hankali, da yatsa biyu. In ba haka ba zai kame ya yi tauri, har sunkuyawa ta gagare ta. Inde ta ce ita kam ba za ta iya ba. Saloma ta ce to, uwarta ta yi mata.

Uwarta! Tani fa, wadda duk garin Sarkin Yamma an san hannunta a wankan jego. Ganyen bedi, wato dogon yaro, take tsomawa a tafasasshen ruwa ta yi ta fyaɗa wa mace a ciki, sannan ta danne da tafin da kantar hauya ta mayar kamar ɓawon ice. Manyan mata ma kuka suke yi.

Tani ta ce a ba ta kwana uku. Kullum da hantsi sai ta nufi bakin tabki ita kaɗai. Inde ta ce shi ke nan, ganye ake tara mata. Ko fura ta daina shiga cikinta.

Rana ta uku Tani ta shigo da ɗan ƙoƙon mai, ta ce ta kwanta.

"Inna, don Allah kada ki danna," in ji Inde, ta runtse ido.

Sai ta ji wani abu mai laushi yana zagaya tabon. Ta ɗauka Saloma ce ta zo. Da ta buɗe ido, Tani ce, gumi sharkaf, tafin hannunta duk ya saɓule ya yi ja.

"Inna, me ya sami hannunki?"

"Dutsen goge kaushi na sa masa. Ke dai kada ki motsa, 'yar nan, ni ma tsoro nake ji."

Inde ta ɗago kai a hankali ta duba. Ashe tabon ko taƙi ɗaya bai kai ba.