Makarar Wasan Kwaikwayo

Tun iyaye da kakanni, al'adar Kano ce idan makara ta gifta mai shago ya bar shagonsa, mai tafiya ya karkato, kowa ya sa kafaɗa ya nemi ladansa, ko ya san mamacin ko bai san shi ba. Hambali haifaffen Fagge ne, ya san wannan sarai, sai dai a ranar ya sha'afa.

Ajinsu na sakandare ne ke shirya wasan kwaikwayon ƙarshen zango, aka ba shi matsayin wani direba da ya rasu a hanya. Malam Sammani, mai koyar da darasin wasan, ya aike shi tare da Waliu da Azeez da wasu ɗalibai biyu su karɓo makarar katako da ya sa wani kafinta ya haɗa a Sabon Gari.

Da suka fito da ita, Waliu, wanda shi ne jagoran wasan, ya ce, "Gawa, hau mu gwada kafaɗa. Kullum a dandamali sai mun karkatar da kai kamar buhun albasa."

"In kuka yar da ni, fatalwata har ɗakinku," in ji Hambali.

Ya kwanta yana dariya, suka lulluɓe shi da farin ƙyalle, suka ɗora tabarma. Alkawarin zuwa bakin titi ne kawai.

Daf da shataletalen Bata ya ji tafiyar ta sauya. Tangal-tangal ɗin abokansa ya ɓace, kafaɗun manya sun karɓa, tafiyar ta miƙe da sauri. Ya ji ana kalmar shahada hagu da dama, da muryoyin da bai taɓa ji ba.

"Wa ya rasu?"

"Ɗan makaranta ne, ga abokansa can a baya."

"Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri."

Hambali ya daina dariya. Ya kasa kunne ko Waliu zai yi magana, bai ji ko tarinsa ba. Ya kuma san dalili: taron kasuwa idan ya ɗauka an yi masa izgili da sha'anin mutuwa, sai hannu ya riga tambaya. In ya motsa, ya shiga uku. In ya yi shiru kuwa, ƙarshen hanyar nan maƙabarta ce. Gumi ya jiƙa ƙyallen, yana ta ƙoƙarin hana ƙirjinsa ɗagawa.

Can wata murya ta dattijo ta ce, "Ku dakata. Samari, an yi masa salla?"

"A'a, Baba Goni," in ji Azeez, don kowa a kasuwar ya san malamin.

"Subhanallahi! Ku sauke shi."

Aka ajiye makarar a ƙofar wani masallacin 'yan kasuwa. Hambali ya ji ana jan takalma, sahu na daidaita, ya ji Goni ya tsaya a kansa, har ƙamshin turarensa ya ratso tabarmar. Shan duka abu ne da jiki ke warkewa daga gare shi. Amma a sallaci mutum da ransa, yana ji, ya yi shiru? Wannan ya fi ƙarfinsa.

Ya tattaro sauran numfashinsa ya ce, "Baba, da raina."

Sahun gaba ya watse, wani ya faɗa kan teburin mai lemo. Da Hambali ya yaye ƙyallen aka ga kayan makaranta, Waliu kuma ya fashe da kuka yana cewa wasa ne za su yi, sai tsoron jama'a ya rikiɗe ya zama fushi. Wani ƙato ya zaro katako daga rumfa.

Goni ya buɗe hannuwan babbar rigarsa ya kare yaron.

"Wanda ya ɗauke shi don Allah, ladansa na nan," in ji shi. "Wanda ya taɓa shi, ya zubar da abinsa. Da ya so, da ya bar mu mun kabbara."

Aka yi ta gunaguni, har mai katakon ya sauke hannu. Goni ya sa ladani ya shigar da makarar masallaci, ya ce Malam Sammani ya zo da kansa ya karɓa. Sannan ya sunkuya ya dubi Hambali, wanda ke zaune a ƙasa.

"Ka ji yadda ake tafiya da mutum, ba a tambayarsa. Tashi, ɗana, ka koma gida da ƙafarka."