Bishiyar Malam Ja'afar

Da ƙyar Hureira ta sauke tukunyar 'yar bishiyar daga bayan mota, ta dire ta gaban Madam Lim, tsohuwar da ke sayar da shuke-shuke a Sungai Buloh, kusa da birnin Kuala Lumpur. Gefen ganyen duk ya ƙone kamar an gifta masa wuta.

"Ta mijina ce," in ji Hureira. "Yamaboshi ake kiran irinta. A Japan ya yi karatu, can ya ƙwallafa rai a kanta. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi nake ba ta ruwa safe da yamma, amma kullum baya take yi."

Tsohuwar ta tura yatsa cikin ƙasar, ta girgiza kai.

"Ruwan ma ya yi yawa. Amma ba laifinki ba ne. Wannan sai ta sha sanyi, ta zubar da ganye, sannan ta yi fure. A Kuala Lumpur mutuwa za ta yi a hankali. Ƙanena yana da gona a tsaunukan Cameron, can akwai sanyi. Ban yi alkawarin fure ba, amma ina jin za ta rayu."

Hureira ta dubi bishiyar. Mijin nata, Malam Ja'afar, ya bar koyarwa a jami'a, ya ƙi motsa jikin da likita ya sa shi, ko baƙi ba ya son gani. Abin da ya rage masa kawai shi ne a tura kekensa bakin taga ya kalli bishiyar nan. Ta yi tunanin sayen wata mai kama da ita, sai kunya ta kama ta.

Ta bar tukunyar, ta koma gida hannu biyu.

Ta same shi bakin taga, idonsa a kan shatin da tukunyar ta bari a baranda. Ta durƙusa gefen keken, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Tana gama faɗa ta fara nadama. Can leɓensa ya motsa, maganar na fita a karkace.

"Za su... dasa ta da zurfi. Ba ta so."

"Sai in faɗa musu, Baban Hanan."

"Ba za ki iya ba." Ya dubi ƙafarsa da ta mutu, ya daɗe yana dubanta. "Akwai matakala... a gonar?"

"Ban sani ba."

"Ki tambaya."

Ta miƙe tana laluben wayarta a jaka, ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta.