Muciya Biyu a Daron Inna

Hassana ce ta ƙirƙiro abin, duk lakwal ɗinsu, wato makarantarsu a Gure, an sani. A wayar salular Mushe Abarshi, malaminsu na kimiyya, ta fara ganin hoton: jariran taurari biyu suna zagaya juna, ƙura ta kewaye su kamar faifai, tsakiya wayam. Ya ce daga wannan ƙurar duniyoyi ke dunƙulewa. Ta koma gida ta cika daron innarsu da ruwa, ta barbaɗa dusa, ta miƙa wa abokin tagwaicinta Hasan muciya ɗaya, ta riƙe ɗaya. Sun sha faɗan inna kafin hannuwansu su daidaita. In muciyoyin suka bi juna ba gaggawa, sai dusar ta ja baya ta yi zobe, can gefe ta fara curewa ƙanana-ƙanana.

Da wannan daron lakwal za ta shiga gasar kimiyya a Damagaram. Hassana har ta wanke hijabinta na Juma'a.

Ranar tafiya daraktan lakwal ya ce wuri ɗaya ya rage a mota, kuma ba a tura 'ya mace birni ba rakiya. Hasan zai je. Mushe Abarshi ya dubi darakta, ya kau da kai.

Aka sa Hasan ya gwada shi kaɗai, muciya a kowane hannu. Suka sarƙe, ruwa ya fallatsa wa darakta a takalmi, dusa ta dagule. Hassana tana jikin bango tana jira a kira ta. Yanzu kam dole ne, in ji zuciyarta.

Darakta ya goge takalminsa. "To, a yi da tauraro ɗaya mana. Ranarmu ma ai guda ce."

"Ranka ya daɗe, biyu ne," ta ce. "Duk aikin a kan biyun yake."

Ya ce alƙalan gasa ba ƙirgawa za su yi ba.

Ta dubi Hasan. Ciki ɗaya suka kwanta, tare suka sha zagi a kan dusar nan. Shi kuwa ƙasa yake kallo, muciya ɗaya a hannu, ɗayar ya riga ya jingine ta.

Ta sunkuya ta ɗora daron a ka, ruwa na zubo mata a wuya, ta nufi ƙofa. Darakta ya daka mata tsawa ta ajiye kayan lakwal.

"Daron innata ne."

A gida ta dire shi gaban rago. Tana tsaye a kansa yana shanyewa, har duniyoyin, ta ji motar ta kama hanyar Damagaram.