Ruwan Kofur Hammawa

"Ka tafasa shi?" Kofur Hammawa ya tambaye ni daga kan tabarma, leɓɓansa duk sun tsattsage.

Na ce, "Kofur, itace ya jiƙe. Sha haka nan."

Ya juya fuska bango. Kwana biyu ke nan bai sa ruwa a bakinsa ba, tun da santsi ya kwashe shi daga kan soro yana gyaran indararo, ƙugunsa ya karye. Ƙarya nake yi, itacena a bushe yake. Ni ne Ɗanlarai tela, katanga ɗaya ta raba mu a Ƙofar Dumi, kuma da gangan na yi.

Tun da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama ba ya shan ruwa sai ya tafasa ya tace da ƙyalle. Kullum da sassafe sai ya zaga ganuwa a ƙafa. Ba goro, ba taba. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ci mana rai shi ne wajen ciyayya: mu sa hannu a akushi ɗaya, shi ya zo da kwanonsa da sabulunsa, a miƙa masa moɗa ya ce alhamdu lillahi. Shekara goma sha biyar muna jan ƙafa da kurkunu, shi yana wuce mu a miƙe kamar taɓarya. Wa zai yafe wannan? Ga shi ba mata, ba ɗa, yau sai mu.

Rana ta uku ita ce ranar 'yancin kai, gari duk ya tafi kallo. Sabitu mahauci ya ɗebo ruwa a ƙwarya daga kududdufin bayan gidajenmu, muka shiga tare.

"Ga shi, Kofur. Wanda mu ƙazamai muke sha ne."

"Sabitu, don girman Allah ku ɗora a wuta. Ni ban taɓa ƙyamarku ba. Mutum nawa na binne a Bama, ba harsashi ya kashe su ba, ruwa ne."

"To, nan Bauchi ce," in ji Sabitu.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya kama ta da hannu biyu ya shanye tas, har yana ƙwarewa. Sabitu ya ƙyalƙyale da dariya, ni ma na taya shi. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

Washegari zawo ya kama Kofur. Ba ya iya tashi, sai ya yi a inda yake. Mutumin da ke wanke hannu kafin ya taɓa tuwo ya kwana huɗu cikin ƙazantarsa, mu kuwa mu leƙa daga bakin ƙofa, mu toshe hanci mu ce Allah ya sawwaƙe. Ranar Alhamis da hantsi na leƙa, ƙudaje kawai ke motsi.

Liman ya ce a ɗumama ruwan wankan gawa. Nan da nan aka hura wuta a murhunsa, aka ɗora tukunya. Na zauna a tsakar gida ina ɗinka likkafani, sau uku zare yana zamewa daga allura.

"Ai ya yi zafi," in ji Sabitu. "A surka."

Ba wanda ya tashi. Ruwan ya ci gaba da tafasa yana zuba kan duwatsun murhu, tururi na bi ta ƙofar ɗakin da yake kwance.